Kafin Ki Zauna a Bencin Legas

Janfalan, ƙasar Ikara.

Zuwa ga 'yata Rifkatu, takwarar mahaifiyata.

Uwata, ina gaishe ki a cikin sunan Ubangiji wanda ya kwana da mu ya tashe mu. Ina fata kin isa Zariya lafiya, kin tarar da gwaggonki Saratu da mutanen gidanta lafiya. Ki gaishe mini da ita da kyau, ki ce na gode da ta buɗe miki ƙofarta a ranar da ni na rufe tawa. Mu nan kowa lafiya, sai dai gidan ya yi tsit, ƙannenki suna tafiya da sanɗa kamar akwai majinyaci a ɗaki. Allah ya tsare ki a inda kike, ya tsare hanyar da ke gabanki.

Innarki ce za ta kawo miki wannan takarda. Ta ce ba za ki hau motar Legas ba sai ta ga fuskarki, ni kuma na ce ta dakata in rubuta abin da bakina ya kasa faɗa.

Bari in fara da wanda ya fi nauyi. Maganar da na yi ranar Lahadi bayan an tashi daga sujada, cewa in kin bi mutanen bankin nan kada ki ƙara taka Janfalan, na janye ta. Gidan nan gidanki ne. Tsoro ne ya yi magana da bakina. Tun da aka soke zaɓen nan, duk ranar da na shiga Makarfi sai na ga manyan motoci suna sauke mutanenmu daga Kudu, da katifu da tukwane da yara masu kuka, kowa yana gudun abin da bai san ranar fashewarsa ba. Babu mai, ana ta maganar yajin aiki, sojoji sun cika hanya da shingaye. Duniya tana gudowa gida, ke kaɗai kin juya fuskarki can, don wani banki ya gan ki a gasar makarantu ya ce zai ba ki aiki ki yi masa ƙwallon kwando. Wane uba ne zai ji haka hankalinsa bai tashi ba?

Ke ma kin faɗa mini taki. Kin tsaya a bakin zaure da jakarki kin ce, "Baba, kai benci ka yi ta zama har wasa ya ƙare maka. Ni wasa zan je in yi." Rabin maganar gaskiya ce. Amma ki tuna abin da kocin nasu ya faɗa da bakinsa a kan tabarmata. Ya ce suna da mai raba musu ƙwallo, babbar 'yar wasa wadda ta riga ta buga wa ƙasa, ke kuma suna son ki zama ta bayanta, in ta gaji ko ta ji ciwo ki shiga. Ke kin ji Legas, ni na ji benci. A duk ƙasar Ikara ba na jin akwai wanda ya san wannan katakon kamar ni, don haka ki haƙura ki karanta har ƙarshe.

Lokacin da nake ƙungiyar masaƙa a Kaduna, ke da innarki kuna nan gida, ni sai ƙarshen wata nake zuwa. Ba ki san yadda zaman ya kasance ba. Na koyi wasan ne a kwalejin horon malamai, daga nan masaƙa ta ɗauke ni, ta rubuta sunana a sashen rini, amma kowa ya san don ƙwallo aka kawo ni. Wurina shi ne naki, gad, mai ɗauko ƙwallo daga baya ya raba wa sauran. Sai dai na tarar da mai wurin. Sunansa Lawal, mutumin Taba ta ƙasar Kudan, shi ne Baba Lawal ɗin da yake aiko muku da mazarƙwaila duk shekara. Yanzu kin san shi da sanda, amma a wancan lokacin in ya ɗauki ƙwallo sai ki rantse da zare ya ɗaure ta a tafin hannunsa. Ni na san ya fi ni. Sanin bai hana ni jin haushi ba.

Shekarata ta farko na yi ta ne da kumburi. Ina zama a can ƙarshen benci, in rufe kaina da tawul, in sassauta igiyar kambas ɗina, don kocinmu, wani dattijo mai suna Bitrus, ya gane ina fushi. Wata rana muka je wasa Kano. Ana cikin zagaye na biyu, muna gaba da kaɗan, Lawal ya yi laifinsa na biyar, alƙalin wasa ya fitar da shi. Koci ya juyo ya ce, "Ishaya, shiga." Ni kuwa takalmina a kwance. Na durƙusa ina ɗaurewa, alƙali yana riƙe da ƙwallo yana jira, 'yan kallo suka fara dariya. Da na shiga na tambayi dogonmu, Audu, wanda ke tsayawa ƙarƙashin kwando, "Wa nake tsarewa?" Ya nuna mini wani siriri. Na tsaya masa ta dama kamar yadda ake tsaya wa kowa. Ashe bahago ne. Ya wuce ni ta hagu ya jefa, ya sake wucewa ya jefa, kafin in farga sun sha gabanmu, aka tashi an ci mu.

Muka hau mota muka nufo Kaduna. Lawal ya taso daga wurinsa ya zauna kusa da ni. Bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Tun da aka busa usur ɗin farko mutumin nan bai bi ta dama ko sau ɗaya ba. Kai ina kake kallo?"

Uwata, ba a fafe gora ranar tafiya. Wanda ke benci shi ya fi kowa ganin fili, domin na ciki yana haki, shi kuwa yana zaune. Ki zauna kusa da koci, ba a ƙarshe ba. Ki san wacce ke bi ta hagu, wacce ta gaji ta fara dafa gwiwa, wacce ke tsoron a taɓa ta. Za a yi wasanni da yawa ba a kira ki ba, za ki wanke rigar da ba ki yi gumi a cikinta ba, ranki zai ɓaci. Ki bar ɓacin ran a ɗaki. Ranar da za a kira ki ba za a yi miki sallama ba, kuma abin da kika yi a 'yan mintocin nan shi za a riƙa tunawa da ke. Ita kuma wadda kike bayanta, kada ki yi mata addu'ar ciwo ko a cikin zuciya. Ki kai mata ruwa, ki faɗa mata abin da kika hango. Ba ita ta zaunar da ke ba.

Bayan Kano na gyara. Na zama mai kallo, na zama wanda in an saka shi wasa ba ya lalacewa. Har aka yi wata gasa da hannuna ya yi daɗi, duk abin da na jefa sai ya shiga. Nan ne kuskure na biyu ya same ni, kuma shi na fi so ki riƙe.

Ma'aikatan masaƙa suna da wani wasa nasu a kantin cin abinci. Kafin a fara gasa, kowa zai zaɓi 'yan wasa biyar daga duk ƙungiyoyin da za su kara, ya ce su ne nasa. Duk makin da suka jefa, nasa ne. Wanda mutanensa suka fi tara maki a ƙarshen shekara, a haɗa a saya masa rago. Sun kuma yi doka cewa ba mai kwashe manya duka, in ka ɗauki taurari biyu, sauran sai ka cike da 'yan benci. To kin ga ɗan bencin da ke jefa ƙwallo ya zama zinariya a cikin shara. Kuma su jefawa kawai suke ƙirgawa. In ka ba wani ƙwallo ya ci, ko ka hana abokin gaba sakat, ko ka faɗi ƙasa ka ƙwato ƙwallo, duk wannan ba ya cikin lissafinsu.

Fomanmu na sashen rini, wani mai suna Garba, ya ɗauke ni a cikin biyar ɗinsa. Mutumin da a da ko gaisuwata ba ya amsawa ya koma yana tarye ni tun daga bakin ƙofa. Yakan dafa kafaɗata ya ce, "Ishaya, ragona fa yana hannunka. In ka shiga kada ka tsaya raba wa mutane kamar mai rabon sadaka. Jefa kawai." Wasu ma suka ɗauke ni. In na shiga kanti sai a matsa mini wuri, a ƙara mini nama. Ni da na saba da ƙarshen benci, abin ya shiga kaina. Na fara jin cewa su ne suka san darajata, Koci Bitrus ne bai sani ba.

Ranar wasan kusa da na ƙarshe, ƙafar Lawal ta ɗaure, aka sa ni in ƙarasa. Suna gabanmu da maki ɗaya, lokaci ya kusa cika, ƙwallo tana hannuna. Mutum biyu suka taso mini, wanda ke nufin akwai namu guda da babu kowa a kansa. Audu ne. Yana tsaye ƙarƙashin kwando shi kaɗai, ya ɗaga hannuwa biyu. Na gan shi sarai. Sai na ji muryar Garba daga cikin 'yan kallo, "Jefa, Ishaya, jefa." Na jefa daga nesa. Ƙwallon ta bugi ƙarfe ta yi waje, aka busa usur.

A ɗakin canza kaya Audu ya zo ya tsaya a kaina, har yanzu yana haki. Ya ce, "Ka gan ni?"

Na ce, "Ban gan ka ba."

Ya ce, "Ka gan ni. Mun haɗa ido."

Ya ɗauki jakarsa ya fita. Daga ranar, in na shiga fili sai in ga 'yan'uwana suna nauyin ba ni ƙwallo, domin sun san in ta zo hannuna ba lalle ta dawo ba. Na daɗe kafin in wanke kaina a wurinsu. Shi kuwa Garba, da shekara ta zagayo ya sami wani yaro a wata ƙungiya da ya fi ni jefawa. Muka haɗu a bakin ƙofa na gaishe shi, ya wuce kamar an yi magana da bango.

Na kawo miki wannan ne domin kantin nan ba a Kaduna kaɗai yake ba. Tun kafin ki tafi an fara zaɓenki a nan gida. A kasuwar Makarfi wani ya tare ni ya ce ya ji Amurka za a kai ki. Kawunki har ya fara faɗa wa mutane cewa baɗi za ki sa wa ɗakinsa kwano. A Legas za ki tarar da waɗanda suka fi su iya baki, masu cewa ke ce ya kamata a fara da ke, koci yana danne ki, ki nuna kanki. Kowannensu yana da ragon da yake hange a bayanki, kuma ranar da hannunki ya yi sanyi zai nemi wata. Mutum huɗun da ke cikin fili tare da ke, su ne suka san nauyinki na gaskiya. In doguwarku tana tsaye ita kaɗai, ki ba ta, ko da duk filin yana kiran sunanki. In kuma kin yi kuskure aka tambaye ki, ki ce na yi. Ƙaryar da na yi wa Audu ta fi jifar da na ɓarar yi mini illa.

Yanzu zan zo kan abin da ya sa nake jin tsoron hanyar nan da za ki bi.

Kina ƙarama lokacin da sojoji suka karɓi mulki aka fara bin layin sabulu da madara da bulala a kai. A cikin wannan yanayi aka gayyace mu wasa a wani bariki. Akwai wani Kanar mai son ƙwallon kwando, yana da ƙungiyarsa ta sojoji, ya ji labarinmu ya ce yana son ya gani. Gayyatar da ba a ƙi ce. Da motarmu ta shiga ƙofa aka rufe ta a bayanmu. Babu 'yan kallo irin na gari, sojoji ne zagaye da fili, wasu da bindiga a kafaɗa, wasu sun zare bel sun naɗe a hannu. An sa wa Kanar kujera mai laushi a tsakiya.

Lawal bai san wasa da rabin zuciya ba. Ya yi ta yanka su kamar ba a gidansu yake ba, kafin hutun rabin lokaci mun ba su tazara. Muna shan ruwa wani Saje ya zo ya tsaya bayan bencinmu, ya sunkuyo kusa da kunnen koci, amma duk mun ji. Ya ce, "Oga bai saba ganin an ci yaransa a gida ba." Ya juya ya tafi.

Koci Bitrus ya dubi Lawal ya ce, "Ka huta. Ishaya zai shiga ya ja wasan a hankali."

Lawal ya ce, "Koci, in na zauna yanzu sun san tsoro muka ji. Bari in ɗan ƙara, zan sassauta."

Koci ya bar shi. Ba a daɗe da komawa ba Lawal ya yi tsalle zai jefa, wani ƙato daga cikinsu ya shigo ƙarƙashinsa ya ajiye masa ƙafa da gangan. Ina benci na ji ƙarar gwiwar. Ya faɗi yana birgima, alƙalin wasa, wanda shi ma soja ne, bai ko busa ba. Wanda ya yi abin ya tsaya a kansa yana murmushi.

Ban san lokacin da na tashi ba. Na tsallaka fili na tura mutumin da hannu biyu, ya faɗi zaune a gaban Kanar ɗinsa. Abin da na ji na ƙarshe kafin su rufe ni shi ne muryar Lawal daga ƙasa yana cewa, "Ishaya, ajiye hannunka." Ya makara. Suka dake ni da bel da takalma har na daina jin zafi, suka ja ni zuwa gadurum suka kulle.

Dukan ba shi ne abin ba. Kanar ya ce motarmu ba za ta fita ba sai ya gama shawarar abin da zai yi da ni, kuma ba mu da wata motar. Lawal yana kwance a kan siminti tun rana tana tsaka har ta yi sanyi, gwiwarsa tana kumbura, Audu ya cire rigarsa yana yi masa fifita. Daga baya aka ba ni labari cewa Koci Bitrus, mai furfura, wanda ya haifi kamar Kanar ɗin, ya durƙusa a gabansa da gwiwa biyu yana cewa, "Ranka ya daɗe, yaro ne, ni na kasa tarbiyyarsa. A hukunta ni, a bar mai ciwo ya je asibiti." Sai da ya gaji da kallon dattijon a ƙasa sannan ya ce a sake mu. Da muka isa asibiti likita ya duba ƙafar ya tambaya me ya tsayar da mu. Babu wanda ya dube ni. Lawal bai ƙara yin wasa ba. Ban ce da an kai shi da wuri zai warke sarai ba, wannan Allah ne ya sani. Amma na san wanda ya tsayar da motar.

Na ɗauka ina kare ɗan'uwana ne, ashe zuciyata nake bi, shi kuma ya biya. Uwata, kin gaji zafin nan nawa, na gan shi a idonki ranar Lahadi. Tsakanin Zariya da Legas za a tsayar da ku a shingaye fiye da yadda za ki iya tunawa. Za a sauke ku, a zazzage jakarki a ƙasa, wani yaro da bai kai ki hankali ba zai yi miki tsawa don yana riƙe da bindiga. Ki dubi ƙasa, ki ce "yallaɓai," ki kwashe kayanki. Ko kin ga ana cin zalin wani, ki fara tambayar kanki, in na yi magana wa zai kwana a nan saboda ni? Akwai ranar magana, kuma ba na ce ki zama matsoraciya ba. Amma ba a jayayya da mai bindiga a gaban yaransa. A cikin fili ma haka ne. Za a sa miki gwiwar hannu a haƙarƙari don a ga ko za ki rama a kore ki. Ki rama da ƙwallo.

Bayan ciwon Lawal wurin ya zama nawa. Abin da na yi shekaru ina nema ya zo, ban ji daɗinsa ko na rana ɗaya ba. Bai ma daɗe ba. Aka shiga tsuke bakin aljihu, auduga ta yi wuya, injin da ya lalace babu kayan gyaransa, masaƙa ta fara rage mutane. Abin da aka fara yankewa shi ne ƙwallo. Aka tara mu aka ce daga yau babu ƙungiya, kowa ya koma sashensa, wanda ya iya aiki a riƙe shi. Audu tun tuni yakan je wurin makanikai da safe kafin atisaye, muna yi masa dariya muna cewa dogo zai maƙale a cikin inji. Shi aka riƙe. Ni aka kai ni gaban tukunyar rini aka ce in haɗa shuɗi. Shekara da shekaru sunana yana sashen nan, ban san ko da me ake farawa ba. Garba ne ya tsaya yana kallona, hannuwansa a baya. A ƙarshen watan na ɗaure katifata a kan mota na dawo Janfalan na ɗauki fartanyar da na gudu na bari. Ita ce ta ciyar da ku har yau, ban raina ta ba, amma ba da zaɓina na dawo gare ta ba.

Bankin nan zai ce miki 'yan wasa ba sai sun zo ofis kullum ba. Ki je. Ki je da sassafe ki zauna kusa da wadda ta iya aiki, ki koyi duk abin da hannunta ke yi, ko da sauran 'yan wasa sun yi miki dariya. Ranar da banki ya ji matsi, ba zai fara da masu karɓar kuɗi a kanta ba, da ku zai fara. Gwiwa kuma ba ta yin shawara da mai ita kafin ta tafi. In kin ji ciwo ki faɗa, kada ki yarda wani mai kemis ya yi miki allura don ki ɓoye, wai kada a ba wata wurinki.

Jiya na je Taba. Babu mota saboda rashin mai, na tuƙa keke cikin taɓo har Makarfi, daga nan na sami a-kori-kura. Na tarar da Lawal a ƙarƙashin rumfa yana kwance injin matse rake yana shafa masa mai tun kafin kaka ta zo, sandarsa a jingine. Bayan mun gaisa ya tambayi gida, na faɗa masa duk abin da ya faru.

Ya ce, "Ka hana ta?"

Na ce, "Na hana."

"Ta ji?"

"Ba ta ji ba."

Ya goge hannunsa da tsumma ya ce, "To gad ce. Wanda ke jiran a ce masa wuce ba ya raba ƙwallo." Sannan fuskarsa ta canza. Ya ce in faɗa miki yana da ƙanwa a Agege, sunanta Binta, mijinta fataucin goro yake yi. Ki je ki gaishe ta a makon da kika sauka, tun ana zaman lafiya, don ki san hanyar da ƙafarki. In kin shiga wurin 'yan goro ki tambayi gidan Binta 'yar Taba, za a nuna miki. Ya ce in gari ya rikice kada ki tsaya a masaukin banki kina jiran wani ya zo ya ɗauke ki, kada kuma ki nufi tasha, don can kowa zai nufa. Ki tafi gidan Binta ki zauna a cikin 'ya'yanta. Zai aika mata da saƙo ta hannun direbobin goro. Na ce masa, "Ka san fa Kirista ce, ranar Lahadi za ta nemi coci." Ya ce, "Binta za ta sa a raka ta har ƙofa. 'Yarka ba 'yata ba ce?" Na yi ta kallon injin.

Saura abu ɗaya, wanda ko innarki ba ta sani ba sai ta ji a bakinki. Kina ganin ban taɓa kallon wasanki ba. Na kalla. Ranar wasan ƙarshe na gasar makarantu na ce zan je Zariya neman taki, na je na tsaya bayan wayar da ta kewaye filin a cikin masu sayar da gyaɗa. Ga abin da na gani. Hannunki na hagu bai nuna ba, duk mai ido za ta gane ta tura ki can ta ƙwace. Ki riƙa buga ƙwallo da shi kullum har ya daina jin baƙunta. Na kuma ga lokacin da wata yarinya ta saki ƙwallon da kika ba ta, kika ɓata rai kika daina ba ta. Kada ki ƙara. Wadda ta saki ƙwallo ita ta fi bukatar a sake ba ta nan da nan.

Amma can kusa da tashi, mutum biyu suka rufe ki a gefe, na ce a raina ta ƙare. Ba ki ko waiwaya ba, kika sako ƙwallon ta tsakanin ƙafafunsu, ta bugi ƙasa ta tashi daidai hannun wadda ke shigowa da gudu. Ni da na yi shekaru a wannan wuri ban hango ta ba sai da ƙwallon ta isa. Na riƙe wayar nan har ta yanke ni a tafi ban ji ba. Na dawo gida babu taki, na ce wa innarki layi ya yi tsawo.

Kin fi ni, Uwata. Kin ma fi Lawal a shekarunki, amma wannan kada ki faɗa masa.

Ki tafi da yardata. Ubangiji ya shiga gabanki ya tsaya a bayanki. Ya rufe idon mugu a kan hanya, ya sanyaya zuciyar masu bindiga, ya tsare ƙafafunki da gwiwoyinki a fili. Ya ba ki haƙurin zama da ƙarfin tashi in an kira ki. Ya kwantar da ƙasar nan, ya dawo mana da ke a kan ƙafafunki biyu. In kin sauka ki aiko da saƙo ta bakin duk wanda ya nufo gida, ko kalma ɗaya ce, don innarki ta iya cin abinci.

Ni ne mahaifinki,
Ishaya.